Daga Ƙugu Bugu Yake Tasowa: Horon Tsakiyar Jiki ga Matasan 'Yan Badmintin

Tsakiyar jiki, a wurin masu horar da 'yan wasa da likitocin ƙashi, ita ce yankin da ya faro daga ƙasan haƙarƙari ya gangaro zuwa ƙugu da kwankwaso da ɗuwawu, gaba da baya da kwiɓi biyu. Tsokoki ne da yawa. Ta gaba akwai doguwar da ta sauko daga ƙirji zuwa mara, wadda ke fitowa gida-gida a cikin mutumin da ba shi da kitse. A kowane kwiɓi akwai wasu biyu da suka gitta juna a karkace. Su ke murɗa gangar jiki, su ke kuma hana ta murɗewa idan ba a so. Can ƙarƙashinsu akwai wata mai faɗi da ta zagaye ciki kamar ɗamara, ido ba ya ganinta komai ramar mutum. Ta baya, dogayen tsokoki sun bi gadon baya dama da hagu, ga wasu gajeru da ke riƙe kowane ƙashi da na kusa da shi. Tantanin numfashi shi ne rufi, tsokokin ƙasan mara su ne daɓe. Idan duka suka ɗaure lokaci guda, ciki yakan zama kamar tayar da ta sha iska: a ɗora mata kaya, ba za ta lotsa ba. Ƙasusuwan baya biyar na wajen kwankwaso ba su da haƙarƙarin da zai tokare su, da wannan ɗaurin suka dogara.

Badmintin wasa ne mai ruɗin ɗan kallo. Filinsa ƙarami ne, tsawonsa mita 13.4, faɗinsa mita 6.1 idan bibbiyu ake karawa, ko 5.18 idan ɗaya da ɗaya ne. Ƙwallonsa, wadda 'yan wasa ke kira shatil, gashin dinya ne ko na agwagwa guda 16 da aka soke a wani ɗan dunƙule mara nauyi, duka-duka kimanin giram 5. Raket ɗin ma bai kai giram 100 ba. Wanda ya ji haka sai ya ce ai wannan aikin tsintsiyar hannu ne. Amma a duk wasannin raket babu abin da ke tashi da saurin shatil. A 2023 Satwiksairaj Rankireddy na Indiya ya buga wadda gudunta ya kai kilomita 565 a awa, a wani gwaji da kamfanin Yonex ya shirya a Japan, Pearly Tan ta Malesiya kuma ta kafa tarihin mata da kilomita 438. Gashin na sa ta rage gudu nan da nan, duk da haka mai tarewa ba shi da ko cikakken sakan ɗaya. Dole ya kai kusurwa, ya buga, ya dawo tsakiya, ya sake fita, wani lokaci har awa guda ana abu ɗaya.

Ƙarfin da ke korar shatil haka daga ƙasa yake tasowa. Ƙafa ta tunkuɗi ƙasa, cinya ta karɓa ta miƙa wa ƙugu, ƙugu ya juya ya miƙa wa ƙirji, daga nan kafaɗa, gwiwar hannu, tsintsiyar hannu, sannan raket. Masana na kiran wannan sarƙar ƙarfi, domin kowace gaɓa karɓa take yi ta ƙara nata ta tura gaba. Wanda ya taɓa tsayawa ya kalli mace tana dakan gero ya ga abin da idonsa: ƙugu da baya ke sunkuyawa su miƙe, hannu riƙon taɓarya kawai yake yi. Shi ya sa 'yar siririyar mace kan yi dakan da zai kwantar da ƙato cikin minti biyar. Wani likitan 'yan wasa a Amurka, Ben Kibler, ya lissafa a wasan tanis cewa kimanin rabin ƙarfin bugun farko daga ƙafafu da ƙugu da gangar jiki yake zuwa. Bugun sama a badmintin ɗan'uwan wannan bugu ne. Tsakiyar jiki ita ce mahaɗar sarƙar. Idan ta yi sako-sako, ƙarfin da ƙafa ta tara sai ya zube a hanya kamar ruwa a hudajjen guga, kafaɗa kuma ta ce sai ta cike giɓin. Daga nan ake samun ɗan shekara 14 yana kukan kafaɗa, alhali ba lallai a kafaɗar laifin yake ba.

Ana ganin haka sarai idan aka bi simash daki-daki, wato bugun nan da ake sarowa daga sama zuwa ƙasa. Mai riƙe raket da dama yakan ja baya ya ba raga kafaɗarsa ta hagu, nauyinsa a kan ƙafar dama, hannun hagu a sama yana nuna shatil. Da ya tunkuɗi ƙasa, ƙugu ke fara juyowa, ƙirji yana nan a baya bai biyo ba tukuna. A wannan ɗan jinkiri, wanda bai kai ƙiftawar ido ba, tsokokin kwiɓi ke miƙewa kamar danƙon harbin tsuntsu da aka ja, sannan su fizgo ƙirji da kafaɗa. A sama ƙafafu su yi musaya kamar almakashi, ya dira da hagu a baya, dama ta wuce gaba. Yaron da tsakiyarsa ba ta yi ƙwari ba bai iya raba ƙugu da ƙirji. Gaba ɗaya yake juyawa kamar ƙyaure, ko ya gantsare fiye da kima don ya samo ƙarfin da juyi bai ba shi ba. Gantsarewar nan bashi ce, kuma baya ne zai biya.

Sai dai wurin tsayawa ya fi wurin bugu wahalar da tsakiyar jiki, domin badmintin wasan birki ne. Idan abokin karawa ya ajiye shatil a bakin raga, ɗan wasa yakan zaburo daga tsakiya ya yi dogon taku da ƙafar gefen raket, dunduniya ta fara sauka, gwiwa ta lanƙwashe, hannu ya miƙe gaba. Ƙafa ta tsaya cak, amma kai da gangar jiki da hannaye, waɗanda suka fi rabin nauyin mutum, tafiyarsu suke so su ci gaba da yi. A duba yara biyu a fili ɗaya. Na farko ya yi takun ƙirjinsa a ɗage, hannun hagu ya tafi baya yana daidaita shi, ya ɗaga shatil, ya tunkuɗa da ƙafar gaba, taku biyu ya dawo tsakiya. Na biyu ya yi takun, sai ƙirji ya rufto kan cinya, kai ya wuce gwiwa, ƙafar baya ta tashi tana lilo, wani lokaci har ya dafa ƙasa. Shi ma ya mayar da shatil, amma kafin ya tattaro kansa an jefa masa ita bayan kai. Ɗan kallo zai ce yaron ba shi da sauri. Saurin yana nan, birki ne babu. A farkon wasa ba a cika bambance su ba, sai an yi nisa gajiya ta shigo. Saboda haka juriya aka fi nema a tsakiyar jikin ɗan badmintin, fiye da ƙarfin ɗaga nauyi sau ɗaya.

Dokokin wasan ma sun shaida muhimmancin tsakiyar jiki. A badmintin na masu buƙata ta musamman, wanda ya shiga gasar Faralimfik a Tokiyo, masu wasa a kan keke rukuni biyu ne, WH1 da WH2, kuma babban abin da ya raba su shi ne aikin gangar jiki: a wasan ɗaya da ɗaya, wanda tsakiyarsa ta raunana ba a haɗa shi da wanda tasa ke da lafiya, ko da ƙarfin hannunsu ɗaya. 

Bayan juriya sai lokaci. A 1996 wasu masu bincike biyu a Ostareliya, Paul Hodges da Carolyn Richardson, sun nuna cewa a jikin mai lafiya tsokar nan mai kama da ɗamara takan ɗaure tun kafin hannu ya motsa, ba tare da mutum ya sani ba, a jikin masu ciwon baya kuwa takan makara. Jiki yakan kafa dirka kafin ya ɗora jinka ke nan. A Jami'ar Yale ta Amurka an bi ɗalibai 'yan wasa 277 tsawon shekara uku, sakamakon da ya fito a 2007 ya nuna cewa waɗanda ba sa iya tsayar da gangar jikinsu da wuri idan aka girgiza su ba zato sun fi samun raunin jijiyar gwiwa, musamman mata. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Idan ƙirji ya karkata gefe yayin da mutum ke dira da ƙafa ɗaya, gwiwa takan faɗa ciki, a nan ne jijiyar da ke gicciye a tsakiyarta ke tsinkewa. Ga mai bugu da dama, wurin haɗarin shi ne kusurwar baya ta hagu, inda ake karkata a bugo shatil ta saman kai a dira da ƙafar hagu ita kaɗai.

Kada kuma a ɗauki wannan horo a matsayin laya. Carolina Marín ta Sifaniya, wadda ta ci zinaren badmintin na gasar Olamfik a Riyo a 2016, jijiyar gwiwarta ta dama ta tsinke a wasan ƙarshe na wata gasa a Indonesiya a Janairun 2019, ta hagu ta biyo baya a 2021 har ta rasa gasar Tokiyo, sannan a Faris a 2024 ta daman ta sake cin amanarta tana kan gaba a wasan kusa da na ƙarshe. Horo rage haɗari yake yi, iyakarsa ke nan.

A kan yara, ɗaya daga cikin gwaje-gwajen da aka fi ambata shi ne wanda Tarik Ozmen da Mert Aydogmus suka yi a Turkiyya suka wallafa a 2016. Sun ɗauki 'yan badmintin 20, 'yan kimanin shekara 11, suka raba su gida biyu. Kowa ya ci gaba da atisayensa na yau da kullum, amma gida ɗaya aka ƙara musu horon tsakiyar jiki sau biyu a mako har mako shida. Da aka auna, waɗanda aka ƙara wa sun fi iya tsayuwa da ƙafa ɗaya suna miƙa ɗayar nesa ba tare da sun tangaɗa ba, tsokokinsu kuma sun fi jure riƙo. A gwajin gudu da sauya hanya kuwa, babu wani bambancin a-zo-a-gani. Yara 20 ba su da yawa, mako shida kuma gajere ne, ba a rufe magana da shi. Amma abin da ya nuna ya dace da hankali: horon tsakiya na gyara daidaito da juriya, saurin ƙafa kuwa da ƙafa ake koyonsa, a fili, kusurwa-kusurwa, da raket a hannu. Matashin da ya bar atisayen taku ya koma tabarma yana motsa ciki awa guda, ya yi asarar awar. Minti 10 zuwa 15 sun isa.

Kuskuren da ya fi yawa a tsakanin samari shi ne ɗaukar ciki mai gida shida a matsayin shaidar ƙarfi, kuma hotunan da ke yawo a wayoyi sun ƙara rura wannan ruɗu. Fitowar gidajen ciki alamar ƙarancin kitse ce da halitta. Ana samun ramammen yaro mai gida shida da ba zai tsaya da ƙafa ɗaya na sakan 20 ba, ana samun ɗan kokawa mai tumbi da mutum uku ba za su gusar da shi ba. Daga wannan kuskure ake faɗawa na biyu, wato kwanta-tashi ɗari-ɗari kowace safiya, wani ya danne ƙafa, hannaye sarƙe a ƙeya ana fizgar wuya. Wannan ba ya ƙone kitsen ciki, don jiki ba ya cire kitse daga wuri saboda an motsa wurin. Stuart McGill, wanda ya shafe kimanin shekara 30 yana nazarin ƙashin baya a Jami'ar Waterloo ta Kanada, ya nuna cewa yawan lanƙwasa baya a ƙarƙashin nauyi na gajiyar da faya-fayan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa, kamar yadda waya ke karyewa idan aka yi ta lanƙwasa ta a wuri ɗaya. Shawararsa ita ce a horar da tsakiyar jiki a kan aikinta na asali: hana gantsarewa, hana karkata, hana murɗewa.

Motsi uku aka fi saninsa da su, babu wanda ke buƙatar abin da ya wuce tabarma. Na farko ɗan ɗaga kai ne. A kwanta rigingine, gwiwa ɗaya a lanƙwashe ɗaya a miƙe, tafukan hannu a ƙarƙashin kwankwaso don kada baya ya manne da ƙasa, sai a ɗaga kai da kafaɗu kaɗan, gwargwadon yadda za a zare takarda daga ƙarƙashi, a riƙe. Na biyu tokarar gefe. A kwanta a kwiɓi, a tokare da gwiwar hannu daidai ƙarƙashin kafaɗa, a ɗaga ƙugu har jiki ya miƙe sambal. Mai farawa ya tokare da gwiwoyi maimakon ƙafa. Ga ɗan badmintin wannan ya fi sauran daraja, don tsokar kwiɓi ce ke riƙe shi idan ya karkata bugun saman kai, kuma a wasan da ake yi da hannu ɗaya da wuya a rasa gefen da ya fi rauni. Na uku daga rarrafe ake yinsa: hannaye ƙarƙashin kafaɗu, gwiwoyi ƙarƙashin ƙugu, a miƙa hannun dama gaba da ƙafar hagu baya lokaci guda, a riƙe, a sauya. Gwajinsa mai sauƙi ne. A ɗora shatil a tsaye a kan kwankwason yaro. Idan ta faɗi, ƙugu ya karkata. McGill ya fi son riƙo gajere, kamar sakan 10, a maimaita, maimakon riƙo ɗaya mai tsawo.

Wannan magana ta shafi tsayuwar katako, wadda kociyoyi ke kira filank, inda ake kifa ciki a tokare da gwiwoyin hannu da yatsun ƙafa. Samari sun mai da ita gasa, kowa so yake a ce ya yi minti biyar. A duba mai minti biyar ɗin a minti na uku: kwankwaso ya lotsa, ciki ya rataya, kafaɗu sun haɗe da kunne, jijiyoyin wuya sun tashi, numfashi a riƙe. Tsoka ta daɗe da sakin aikin, gaɓoɓin baya ke ɗauke da shi. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Sakan 20 zuwa 30 jiki a miƙe, ɗuwawu a matse, ana numfashi a hankali, sun fi amfani. Wanda ya kai minti ɗaya cikin tsabta sai ya ƙara wa kansa wahala maimakon lokaci: ya ɗaga ƙafa ɗaya, ko ya riƙa taɓa kafaɗa da hannu ba tare da ƙugu ya yi lilo ba. Ɗaure ciki kuwa daban yake da zuƙe ciki. Ana ɗaure shi ne kamar wanda ya hango naushi na zuwa, sannan a ci gaba da numfashi a hakan. Idan yaro na iya ƙirga ɗaya zuwa goma da murya yana riƙe, ya yi daidai. Wanda ba ya iya ɗaurewa sai ya riƙe numfashi, haki zai kama shi tun a tsakiyar doguwar musayar bugu.

Ana ƙarawa da kwanciyar buzuzu, wato rigingine hannaye da gwiwoyi a sama, a riƙa sauke hannu ɗaya da ƙafar ɗaya gefen a hankali ba tare da baya ya gantsare ba. Da kuma gada, inda ake kafa dugadugai a ɗaga ƙugu sama don ƙarfafa tsokar ɗuwawu.

Amma ba a kwance ake buga badmintin ba. Bayan mako huɗu zuwa shida a tabarma, ya kamata horon ya miƙe tsaye. Tsohon tiyub ɗin keke ya isa kayan aiki. A ɗaura shi a ƙarfen taga daidai ƙirji, a ba shi kwiɓi, a riƙe da hannu biyu a miƙa gaba. Roba na ja gefe, tsakiyar jiki na ƙin bi. A yi shi a tsaye, sannan a yi shi cikin dogon takun bakin raga. Ɗaukar jarkar ruwa da hannu ɗaya a yi taku 20 kafaɗu a daidai abu ne da yara da yawa ke yi a gida ba su san horo ba ne. Abin da ya rage a gyara tsayuwar, a kuma riƙa sauya hannu. Sai dira. A yi ɗan tsalle gefe a sauka da ƙafa ɗaya, a daskare sakan biyu, gwiwa na kallon inda yatsun ƙafa ke kallo, ƙirji a tsakiya, saukar babu ƙara. Wanda ake jin dirarsa daga ƙofar ɗakin wasa bai iya ba tukuna. Wannan darasi ya fi wajaba a kan 'yan mata, don bayan balaga tsinkewar jijiyar gwiwa ta fi yawa a cikinsu. Can daga ƙarshe ake zuwa ga juyi mai ƙarfi, kamar jifan bango da ƙwallo mai nauyin kilo 1 ko 2, ƙugu ya fara, ƙirji ya biyo.

Shekaru na da hukuncinsu. Maganar nan cewa horon ƙarfi na hana yaro tsawo ba ta da tushe. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta daɗe da bayyana cewa ba ya tauye girma matuƙar akwai mai kula kuma nauyin ya dace. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ba da shawarar 'yan shekara 5 zuwa 17 su riƙa motsin ƙarfafa tsoka da ƙashi aƙalla sau uku a mako. 'Yan ƙasa da shekara 10 ba sa buƙatar agogo da lissafi, wasa ya ishe su. Langa musamman, wadda ake yi da ƙafa ɗaya hannu na riƙe da ɗayar ana bangazar juna, da wuya a ƙirƙiro horon daidaito da ya fi ta, in dai ana sauya ƙafa.

Lokacin da ya fi buƙatar lura shi ne sa'ad da yaro ke yin tsawo farat ɗaya, galibi wajen shekara 11 zuwa 12 ga 'yan mata, 13 zuwa 14 ga maza. Ƙashi na riga tsoka tsawo, cinyoyi su ɗaure, hannu da ƙafa su zama kamar na aro. Yaron da bara ba ya kuskuren shatil sai a ga bana yana dukan iska, yana harɗewa da ƙafarsa. Ba lalaci ba ne, kuma faɗa ba ya maganinsa. A rage masa tsallen simash, a ƙara horon daidaito da miƙa tsoka. A nan ne kuma bashin gantsarewa ke zuwa biya. A bayan kowane ƙashin kwankwaso akwai wani siririn wuri da ke ɗaukar matsi idan aka gantsare aka murɗa. A jikin mai tasowa bai gama ƙwari ba, yawan maimaitawa na iya tsaga shi, galibi a ƙashi na biyar, na can ƙasa. Wani nazari da aka yi a Boston a 1995 ya gano wannan tsaga a kashi 47 cikin 100 na matasan 'yan wasan da suka zo asibiti da ciwon baya, alhali a manya kashi 5 ne kacal. Ciwon bayan matashi ba na a shafa man zafi a koma fili ba ne.

Sau biyu ko uku a mako ya wadatar, da kwana ɗaya a tsakani. Marasa wahala, kamar na rarrafe da gada, suna da kyau wajen ɗumama jiki kafin a shiga fili. Masu wahalar a bar su sai bayan wasa. Wanda ya gajiyar da tsakiyarsa sannan ya shiga tsalle da dira ya kwance birkinsa da hannunsa. Jajibirin gasa ba a gwada sabon motsi. Inda ake wasa a kan siminti a rage tsalle, a sa takalmi mai kama ƙasa. A watan azumi horo mai nauyi ya koma bayan buɗa-baki. Tsoka kuwa a lokacin hutu take ginuwa, da barcin awa 8 zuwa 10 da likitoci ke so ga matashi, da wake da ƙwai da gyaɗa da kifi da nono. Garin gina tsoka na gwangwani da ake tallata wa samari ba ya cikin buƙatun ɗan shekara 15 mai cin abincin gida ya ƙoshi.

Don auna ci gaba, sau ɗaya a wata a ɗauki lokacin da ɗan wasa ke riƙe tokarar gefe dama da hagu, a rubuta a littafi. Abin nema shi ne lambobin biyu su kusanci juna. Wanda ya fi wannan faɗar gaskiya shi ne aboki ya ɗauki bidiyon wasa da waya daga bayan fili, a kalli minti biyar na farko da biyar na ƙarshe. Idan ƙirji na nan a ɗage a bakin raga a ƙarshe kamar yadda yake a farko, horon ya bar tabarma ya shiga fili.

Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu bayan sabon motsi da kansa yake wucewa. Ciwo daban ne. Idan zafi ya tsaya wuri ɗaya a kwankwaso, musamman gefe guda, yana ƙaruwa idan aka gantsare ko aka yi simash, ya kuma wuce mako biyu, a ajiye raket a je asibiti. Tsagar da aka gano da wuri takan haɗe da hutun 'yan watanni. Wadda aka yi ta wasa a kanta tana iya ƙin haɗewa, har ƙashin ya zame gaba. Idan zafin na sauka ta ɗuwawu zuwa ƙafa, ko ƙafa na sagewa, ko ciwon na tashin mutum daga barci, ko ya zo da zazzaɓi ko rama, ba a jiran mako biyu. Haka idan gwiwa ta yi ƙara a wurin dira ta kumbura cikin 'yan awoyi: a sa ƙanƙara, a ɗaga ƙafar, kada a bari a ja ta ko a murza ta da sunan gyaran targaɗe, sai likitan ƙashi ya duba. Kasa riƙe fitsari ko bayan gida tare da ciwon baya kuwa lamarin gaggawa ne, a ranar ake zuwa asibiti.